Gefen Taswirar da Na Yanke

Ran nan ina zaune a ƙofar gida a Sabonjida, ɗan ƙanwata da abokansa biyu suka zo gaishe ni. Ana cikin hira ya zaro waya, ya taɓa ta da yatsu biyu, sai ga rufin gidanmu daga sama, har da mangwaron tsakar gida da tsohuwar motar maƙwabcinmu da ta shekara goma ba ta motsa ba. Ya ce, "Kawu Seidu, ashe wannan ne aikin da kuka yi shekara talatin kuna yi? Ga shi nan a minti ɗaya." Suka yi dariya, ni ma na taya su. Amma na ce su gyara zama, tun da sun tsokano ni sai sun ji.

Na shiga ofishin safiyo na nan Tamale ina da shekara goma sha tara, da takardar gama midil da wando guda ɗaya na fita. Wanda aka damƙa ni a hannunsa shi ne Masta Ansa, shugaban ɗakin zane, mutumin kudu, Kirista, gajere, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Hausar kasuwa yake yi, wadda komai namiji ne a cikinta, mace da mota da rijiya duk "shi" ne. Ranar farko ko kallon takardata bai yi ba. Hannuna ya kama, ya juya shi, ya shinshina.

"Ka ci ƙuli-ƙuli," ya ce. "Je ka wanke. Mai ya taɓa takarda, tawada ba zai zauna ba."

Wata shida na yi ban zana komai ba sai layi. Layi siriri, layi mai kauri, layi mai gutsi-gutsi, daga safe har a tashi. In ya zo wucewa ya leƙa ta saman tabarau, ya ga inda numfashina ya girgiza hannu, sai ya ɗora yatsa a wurin ya wuce, ni kuwa in ɗauki reza in kankare. Kayan aikin namu duka za su shiga kwalin takalmi: bakin alƙalami na ƙarfe mai tsini kamar ƙaya, rula, da sandar tawada da ake gogawa a faranti da ɗigon ruwa sai ta yi kaurin da Masta yake so. Baƙin launi na hanya da gidaje ne. Launin ruwan ƙasa na tudu ne, waɗannan layukan da ke zagaye dutse, in sun matsu da juna gangaren ya yi tsaye, in sun ware ƙasar kwance take. Shuɗi kuwa na ruwa ne, kuma alƙalamin shuɗi guda ɗaya ne a ofishin, yana aljihun gaban rigar Masta. Babu mai taɓa shi. In ka gama takarda sai ka kai masa ya sa rafi da rijiya da hannunsa, kuma kafin ya sa sai ya tambaya, "Wa ya gani da idonsa?" Na taɓa yi masa ƙorafi a kan haka. Ya ce in ka yi kuskure a dutse mutum gajiya kawai zai yi, in ka yi kuskure a ruwa mutum zai mutu a hanya da jarka a hannu.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Malaman makaranta, 'yan kwangilar hanya, dagatai masu rikicin iyaka. Na tuna wani dillalin shanu daga Gumani da ya zo da zabi biyu a ɗaure, yana so a ɗan matsar masa da layin fili ya haɗa da fadama, wai ai faɗin gashi ne a takarda. Masta ya ba shi kujera, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ɗauki rula ya nuna masa cewa faɗin gashin nan gonar mutum biyu ce. Ya raka shi har bakin ƙofa da zabinsa a hannu. Mu da muka riga muka dafa su a zuci ba mu ji daɗi ba.

A bangon ɗakin zane akwai wata tsohuwar taswira da ba ta ƙasarmu ba. Wani malamin makaranta Ba'amurke ne ya bar wa Masta ita da zai koma gida. Ƙasar duwatsu ce ta yammacin ƙasarsu, layukan tudu sun cika ta dam, ga layin dogo yana ratsawa ta ƙarƙashin duwatsun yana lanƙwasa. Nan da can a gefen dogon sai ka ga 'yan ɗigo baƙaƙe: gida shida ko bakwai, tankin ruwan jirgi, makaranta ɗaya, da suna. Duk wanda ya koyi aiki a hannun Masta sai ya kwafi takardar nan sau uku kafin a bar shi ya taɓa tamu. Sau biyar na kwafa. Wata rana ya tsaya a bayana ya nuna ɗaya daga cikin ƙauyukan da bakin fensir.

"Ka gani? Gida bakwai ne, amma mutum ya hau dutse ya auna shi ɗaya-ɗaya. Yanzu watakila ba kowa a can. Takarda ne kawai ya tuna da su. Saboda haka zana shi da kyau."

Daga nan ya buɗe doguwar durowa ya fito da tamu. Taswirar zamanin Turawa ce, an manna ta a kan ƙyalle, ta yankin gindin dogon dutsen nan da ke arewa maso gabas da mu. A cikinta akwai wani layi mai gutsi-gutsi da ya taso daga kudu ya bi gindin dutsen. Hanyar jirgin ƙasa ce da aka auna za a kawo arewa, ba a kawo ba. A wani wuri a kan layin an zana 'yan bukkoki, da alamar turken siminti a kan wani ɗan tudu, da ɗigon shuɗi guda ɗaya. Sansanin masu awon ne. Leburorin da suka ja musu sarƙar awo, Hausawa da Mosawa da Dagwamba, ba su watse ba bayan Turawa sun tafi. Zama suka yi suna jiran jirgi, har wurin ya zama ƙauye, ana ce masa Teshan, wato tasha. Masta ya ce, "Nasu jirgi ya zo ya tafi. Namu bai zo ba sam." Wannan takardar ma na kwafe ta, har rubuce-rubucen da ke gefenta na haddace, ko kuma na ɗauka na haddace.

To, sai shekarar tamanin da uku ta zo. Ku ba ku san ta ba, kuma ina roƙon Allah kada ku san irinta. Ruwan sama ya ƙi, gobarar daji ta cinye abin da ya rage a gona, ga 'yan'uwanmu da aka koro daga Najeriya sun dawo gidaje babu abin ba su. Mutum ya yi layi tun asuba don masara mai rawaya, a zo kansa a ce ta ƙare. Ni kaina sai da na ƙara huda biyu a bel ɗina. A ofis babu tawada, babu man mota, takarda kuwa ta fi nama wuya. A bayan tsofaffin fom muke rubuta wasiƙa. Masta ya kwanta a gidansa na Sakasaka da kumburin ƙafa, ɗakin zane ya dawo hannuna, ina da shekara goma sha ɗaya a aiki kuma ina jin kaina.

A lokacin ne na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na duba tsofaffin taswirorin durowa, kowacce da farin gefe mai faɗin tafin hannu, ga mu kuma ba mu da littafin rubuta awo in an fita daji. Na ɗauki reza da rula na yanke gefen guda goma sha biyu, na ɓare ƙyallen, na jera, matata ta ɗinke mini su da zare. Littafi ya fito tsaf, bayansa fari. Har nuna wa abokan aiki na yi, suka yaba.

Bayan kamar wata biyu, wata safiya, aka ce ina da baƙi. Wata tsohuwa ce siririya, idanunta sun yi fari da yana, ɗanta mai furfura yana riƙe da sandarta. Kwana biyu suka yi a hanya, a bayan motar gawayi. Ɗan ya ce sunansa Mumuni, shi ne mai gari a Teshan, wannan kuma mahaifiyarsa ce, Mma Adisa. Da ka gan shi ka san kunyar zuwan yake ji.

"Masa, gafara," ya ce, don haka suke faɗin Masta. "Tsohuwa ne ya matsa. Ya ce akwai rijiya a takardan ku."

Ita ta karɓe zancen. Ta ce ubanta ne ya haƙa wa masu awon jirgi rijiya a tsohon gari, rijiyar da ba ta taɓa ƙafewa ba. Da aka yi hanyar mota, gari ya tashi ya koma bakin hanya, tafiyar mil biyu, inda akwai rafi. Ranar tashi ubanta ya rufe rijiyar, ya bi da ƙasa, don kada dabba ta faɗa, kuma don ya ji an ce jirgi yana shan ruwa da yawa, yana so ranar da ya iso ya tarar da nasa a ajiye. Tana da shekara goma a lokacin. Duk wanda ya san wurin ya mutu sai ita, ita kuma ba ta gani, daji ya cinye tsohon gari, wuta ta zo ta cinye dajin.

Mumuni ya ce rafin ya ƙafe ƙaf. Mata suna tafiyar rabin yini su tono yashi su dawo da rabin bokiti. An binne yara uku a wata guda. Dattawa sun yanke cewa in Juma'a ta sama ta zo babu ruwa, gari zai watse, kowa ya nemi danginsa a Tamale ko Kumasi. Mutane kuma sun fara cewa tsufa ne ke sa uwarsa surutu.

Na buɗe durowa na shimfiɗa takardar. Ga ɗigon shuɗin nan yana nan inda na san shi. Na kama yatsan tsohuwar na ɗora a kai, na ce, "Mma, ga rijiyar babanki." Ta daɗe ba ta ɗauke yatsan ba. Sannan ta juya wajen ɗanta ta ce, "Ka ji ko?"

Aikin a ganina mai sauƙi ne. Turken siminti ba ya tashi daga inda aka kafa shi. In na tsaya a kansa, na san kusurwar da rijiya take da nisanta, sai in miƙe da kamfas da sarƙa. Abu ɗaya ne sai an kula: allurar kamfas ba ta nuna arewa ta gaskiya, tana ɗan kaucewa yamma, kuma a gefen kowace taswira ake rubuta yawan kaucewar. Gefen wannan na riga na yanke. Ban damu ba, lambar tana kaina tun ina koyo. Na yi lissafina a sabon littafina, na ɗauki kamfas da sarƙa da kwafin wurin, ko Sakasaka ban biya na gaya wa Masta ba. Ina so ne ya ji labari bayan an gama.

Mun isa Teshan ranar Lahadi. Ban ga kare ko ɗaya a garin ba, ban ji kukan akuya ba. Aka kawo mini ruwa a ƙaramin kofi, launinsa kamar koko, na san rabon wani ne aka ba ni. Mumuni ya tara maza goma sha biyu masu sauran ƙarfi, matan gari suka haɗa ɗan garin masarar da ya rage aka ce na masu haƙa ne. Washegari da sassafe muka tafi tsohon gari, an ɗora Mma Adisa a bayan keke ana turawa, don ta rantse ba za a bar ta a gida ba.

Turken yana nan a kan tudunsa, wuta ta baƙanta shi amma bai gusa ba. Na ɗora kamfas, na ɗauki layi, maza biyu suka ja sarƙa sau arba'in da biyar. Inda ta ƙare na kafa fegi na ce nan ne. Tsohuwar tana zaune a kan dutse ta ce, "Ɗana, turken ina ya tsaya daga nan?" Na ce, "Mma, ki huta, kamfas ya riga ya yi magana." Na faɗa da ladabi, amma ma'anarsa ita ce ta yi shiru, kuma ta yi.

Ƙasar wurin marmara ce, diga in ta sauka sai ta yi tsalle. Ranar farko muka haƙa inda fegi yake har ƙugu, babu komai. Na ce ai shekara sittin ce, ƙasa ta taru, a faɗaɗa. Rana ta biyu muka ja dogayen ramuka gabas da yamma. Rana ta uku mutum biyu suka faɗi, aka ja su inuwar dutse ana yi musu fifita. Ba wanda ya ɗora mini laifi, kuma wannan ya fi zagi ciwo. In na wuce sai su ɗaga kai su ce, "Sannu, Masa," su ci gaba da sara. Maganar da nake ji ƙasa-ƙasa a kan tsohuwar ce, wai ta sa an ƙarar da abincin yara a kan mafarki.

Da la'asar ɗin rana ta uku Mumuni ya ce garin masara na yini ɗaya ya rage. Na je na zauna kusa da Mma Adisa, don ita kaɗai ce ba ta iya ganin fuskata. Ta ji zamana, ta lalubo hannuna.

"Ɗana, kada ka yi fushi, zan sake tambaya. Bayan tudu ɗin, a jikin babban dutse, akwai wuri da ya tsage?"

Na duba. Akwai, wata tsaga mai faɗi a saman dutsen.

"Turken yana cikin tsagan?"

"A'a, Mma. Yana gefe, da nisa."

"To, ba nan ba ne. Mu in mun ja guga mun ɗaga kai, turken yana tsakiyan tsagan cif. Muna ce masa haƙorin tsohuwa." Ta buɗe baki ta nuna mini nata guda ɗaya da ya rage, ta yi 'yar dariya. "Ban san kaina nake zagi ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na zaro littafina don in sake bin lissafin in tabbatar wa kaina ni ke da gaskiya. Lissafi daidai yake. Na juya shafin don in sake yi a wani wuri, sai na faɗa kan fuskar da ke da ɗab'i, wadda ban taɓa kula ta ba tun da aka ɗinke. Gefen wannan taswirar ce. Ga lambar kaucewar allura, daidai yadda na haddace. A ƙarƙashinta kuma, da ƙananan baƙaƙe, ga layi na biyu: wannan kaucewar ta shekarar da aka yi awo ce, kuma tana raguwa kaɗan-kaɗan kowace shekara. Na san wannan. Duk ɗan koyo ya sani. Da gefen yana jikin takardarsa, da idona ya faɗa kansa ko ban so ba. Na yi aiki da kamfas kamar shekara sittin ba ta wuce ba. Bambancin digiri biyar ne ko shida, abin da ba ya cika ido a takarda, amma a nisan sarƙa arba'in da biyar ya kai mu taku ɗari daga rijiyar.

Kwana uku amsar tana aljihuna, kuma tun ranar farko tana bakin tsohuwar da na sa ta yi shiru.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na yi tunanin in ce kawai a gwada wani wuri, ba wanda zai gane. Amma in na yi haka laifin zai zauna a kan Mma Adisa. Na miƙe na kira su, suka taru da diga a kafaɗa. Na ce tsohuwa ba ta yi kuskure ba, takarda ba ta yi kuskure ba, ni ne na yi, kuma ƙarfin da suka zubar kwana uku a wuyana yake. Wani saurayi daga cikin waɗanda suka dawo daga Legas ya jefar da digarsa ya juya baya. Mumuni ya daɗe yana kallon ramukan. Sannan ya ce, "Yanzu ka sani, ko kana tsammani?"

Na ce, "Ni kaɗai ban sani ba. Amma ni da Mma mun sani."

Tsohuwar ta ce, "Ku bar shi. Yaron da ya ce shi ne, ba zai yi muku ƙarya gobe ba." Ina da shekara talatin da 'ya'ya biyu, amma ranar na karɓi sunan yaro da hannu biyu.

Da gari ya waye mutum bakwai ne suka fito. Ban fara da kamfas ba. Na riƙe hannun Mma Adisa muka riƙa tafiya a gicciye, ina kallon tudu, tana tambaya, "Ya shiga?" ina cewa saura kaɗan. Turken ya yi ta matsowa har ya zauna a tsakiyar tsagar. Na kafa sanda. Sannan na hau tudu na ɗauki layi da gyararren lissafi, sai ga allura ta faɗa kan sandar nan, ko taku uku babu tsakani. Ita ta ba da layi, ni na ba da nisa. Aka ja sarƙa arba'in da biyar. Wurin fili ne kawai, toka da kututturen ƙaya, babu wata alama.

Wannan karon ban bari a sara ba. Na karɓi rodi na riƙa soka shi taku-taku, ina ajiye musu ƙarfinsu. A suka na goma sha wani abu rodin ya tsaya, ƙarar da ya yi kuma ba ta marmara ba ce. Suka zo da fartanya da hannu. Ƙasar ba ta kai kamu biyu ba sai ga faffaɗan duwatsu a jere, an ɗora su a kan ƙarfe biyu da aka gicciya. Da aka share ƙarfen na gane su, don na sha zana irinsu ban taɓa taɓawa ba. Guntayen ƙarfen dogo ne, irin waɗanda masu awo suke kafawa don alama.

Aka ɗaga dutse ɗaya. Sanyi ya taso daga ramin ya bugi fuskokinmu. Mma Adisa ta ce a ba ta tsakuwa, ta durƙusa a bakin, ta saki, ta karkata kunne. Muka ji ta faɗa ruwa.

Saurayin nan na Legas ne ya fara kuka, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da riga. Mumuni yana ta hamdala. Ita kuwa tsohuwar hannunta na kan ƙarfen, tana shafa shi daga wannan kai zuwa wancan. Ta tambaye ni mene ne. Na ce, "Ƙarfen da jirgi yake bi ne, Mma." Ta ce a hankali, ba da ni take ba, "Baba, ka ajiye masa, bai zo ba. Jikokinka za su sha."

Sai da aka yini ana kwashe ruwan sama-sama da ruɓaɓɓen ganye kafin ya yi kyau. Guga na farko mai kyau ita aka miƙa wa, ta kurɓa, ta miƙo mini kafin ɗanta. Juma'a ta zo ba wanda ya ɗaure kaya. Rijiyar ta riƙe garin har damina ta dawo, kuma Teshan tana nan har yau, in kun matsa wayar taku arewa za ku ga rufin kwanonta.

Da na dawo Tamale ban je gida ba, Sakasaka na wuce. Masta yana zaune a baranda, ƙafafunsa a kan kujera. Na ajiye littafin a cinyarsa na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya buɗe shi shafi-shafi yana ganin gefen taswirorinsa goma sha biyu a ɗinke da zaren ɗinkin mata. Na jira faɗa. Ya cire tabarau ya goge.

"Za ka warware shi," ya ce. "Kowane ɗaya ya koma gidansa. Da ƙyalle da gam, ba da sauri ba."

Sati uku na yi ina mannawa. In kun je ofishin aka bar ku kuka buɗe durowar, za ku ga tabon, da lissafina a bayansa.

Ranar da ya dawo aiki yana dogara sanda, na shimfiɗa masa sabuwar taswirar yankin, wadda aka sake bugawa bayan 'yancin kai. Babu layin jirgi a cikinta, babu tsohon gari, babu ɗigon shuɗi, don waɗanda suka sabunta ta ba su ga rijiya ba. Na nuna masa wurin da bakin fensir na ce a sa. Ya leƙo ta saman tabarau, ya yi tambayarsa ta kullum.

"Wa ya gani da idonsa?"

Na ce, "Masta, na sha."

Ya sa hannu a aljihun gaban riga ya zaro alƙalamin shuɗi. Na matsa gefe in ba shi wuri kamar yadda na saba shekara goma sha ɗaya. Bai zauna ba. Ya kamo hannuna, ya juya shi, ya shinshina, sannan ya sa mini alƙalamin a ciki.